DAGA ALLON MALAM: Lambar da Ta Ɓoye Asirinta Shekara 92

A wannan wata muna roƙo ku ɗauko fensir da takarda kafin ku ci gaba, gama lamba ɗaya tak za mu sa a gaba, mu dudduba ta kamar yadda mai sayen akuya yakan duba haƙora da kofato kafin ya taya. Ga ta nan:

4,294,967,297

In za a faɗe ta da baki, sai a ce biliyan huɗu, da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu, da dubu ɗari tara da sittin da bakwai, da ɗari biyu da casa'in da bakwai. In mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowane sakan, dare da rana, ba ci ba barci, zai yi shekara 136 bai kai ƙarshenta ba. A zamanin kuɗin wuri kakanninmu sukan ɗaure wuri 20,000 su kira shi keso ɗaya. To, wannan lamba keso 214,748 ke nan, har da ragowar wuri 7,297.

Ba wanda zai iya ƙirga ta ke nan. Amma ana iya sanin halinta ba tare da an ƙirga ba, wannan kuwa shi ne daɗin lissafi.

Tambaya ta fari ita ce wadda yara suke yi a wasa: cika ko mara? Alƙalaminta na ƙarshe 7 ne, saboda haka mara ce, mutum biyu ba za su raba ta daidai ba. Mutum biyar ma haka, gama lambar da 5 take rabawa dole ta ƙare da 0 ko 5. Saura 3. Ku tara alƙalumanta goma: 4 da 2 da 9 da 4 da 9 da 6 da 7 da 2 da 9 da 7, sun zama 59. Tun da 3 ba ta raba 59, ba za ta raba uwar lambar ba, 9 ma haka nan. Akwai dabara irin wannan domin 11. A fara daga dama, a ɗauki alƙalami ɗaya a tsallake ɗaya: 7, 2, 6, 4, 2 sun ba da 21. Waɗanda aka tsallake, watau 9, 7, 9, 9, 4, sun ba da 38. Tsakaninsu 17 ne, 11 kuwa ba ta raba 17. Wanda ya gwada 7 da doguwar rabawa zai tarar da ragowar 5.

Kuna iya ci gaba da 13, da 17, da 19, da 23, har fitila ta ƙare mai. Kowace za ta bar ragowa.

Akwai lambobin da haka Allah ya yi su, ba mai raba su ba ragowa sai 1 da su kansu. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 'yan'uwansu. A aji muna ce musu gagara-rabo. Kowace lamba da ba irinsu ba, da su aka gina ta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali: 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, 35 kuma 5 sau 7. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce wani Bagirke mai suna Yuklid ya nuna cewa gagara-rabo ba su da iyaka, komai nisan da aka yi akwai wata a gaba. Amma bai bar wa kowa hanya mai sauƙi ta gane su ba. To, tamu fa? Gagara-rabo ce, ko kuwa tana da mai raba ta a ɓoye?

Mutumin da ya fara ba da amsa Bafaranshe ne, lauya a majalisar shari'a ta birnin Tulus. Ana rubuta sunansa Fermat, amma mutanen ƙasarsa ba su furta harafin ƙarshe, Ferma suke cewa. Lissafi ba shi ne aikin da yake ci da shi ba, abin hutunsa ne bayan ya tashi daga aiki, duk da haka kaɗan ne a zamaninsa suka kama ƙafarsa. Ga abin da ya lura da shi. A ɗauki 2. A yi ta sau kanta, ta zama 4. A yi 4 sau kanta, 16. Sa'an nan 16 sau 16, watau 256. Sai 256 sau 256, watau 65,536. In aka ƙara 1 a kan kowace, za a sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukansu biyar gagara-rabo ne, ba shakka a ciki. Mataki na shida shi ne 65,536 sau 65,536, wanda ya ba da 4,294,967,296. A ƙara 1, ga lambarmu ta fito.

A shekarar 1640 Ferma ya rubuta wa wani masanin lissafi a Faris cewa ya gaskata duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne, daga na fari har abada. Ya sake faɗin haka cikin wasiƙu na baya. Sai dai mu ba shi haƙƙinsa: ya faɗa a fili cewa bai sami cikakkiyar hujja ba tukuna. Ya rasu a 1665, maganar tana nan yadda ya bar ta.

Kada mu yi saurin ganin wautarsa. Wanda yake so ya tabbatar da lamba mai girman tamu ta hanyar gwaji ɗaya ɗaya, sai ya raba ta da kowace gagara-rabo da ke ƙasa da 65,536, su kuwa guda 6,542 ne. Kowace doguwar rabawa ce, da alƙalamin gashin tsuntsu, a hasken kyandir. Ga kuma shaidu biyar sun riga sun faɗi magana ɗaya. Wa zai zargi na shida?

A watan Disamba na 1729 wani masani mai suna Goldbak ya ambaci wannan magana ta Ferma cikin wasiƙa zuwa ga wani saurayi ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a birnin Fitasbag na Rasha. Ana rubuta sunan saurayin Euler, ana faɗinsa Oila. An haife shi a Basel a 1707, ɗan fasto ne, mahaifinsa ma ya so ya gaje shi a aikin, sai malaminsa ya ga irin kan da yaron yake da shi a lissafi ya roƙa a bar shi. A 1732, yana da shekara 25, Oila ya sanar cewa 641 tana raba 4,294,967,297 ba ragowa. Shekara 92 ke nan bayan wasiƙar Ferma.

A nan ne muke so fensir ya yi aiki. Kada ku karɓa domin Oila ya faɗa, kada kuma ku karɓa domin mun buga a jarida. Ɗan aji shida na firamare zai iya gwadawa:

6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200
6,700,417 sau 40 ya ba da 268,016,680
6,700,417 sau 1 ya ba da 6,700,417

Ku tara ukun nan. Za ku ga 4,294,967,297 ta fito cif, ba ƙari ba ragi.

Akwai wata hanya da ta fi wannan gajarta, mu kam ita ta fi burge mu. Ku tuna lambarmu 65,536 ce sau kanta, da ƙarin 1. A raba 65,536 da 641, za a sami 102 da ragowar 154. Watau kamar an kasa gyaɗa tsibi 102, kowane tsibi ƙwaya 641, ga kuma ƙwaya 154 a gefe. Sa'ad da aka yi lambar sau kanta, duk abin da cikakken tsibi ya shiga cikinsa 641 za ta raba shi, ba sai an duba ba. Abin da ya rage a duba shi ne 154 sau 154 kaɗai, watau 23,716. A ƙara 1 ɗin nan, ya zama 23,717. Yanzu ku yi 641 sau 37. Kun gani? Lamba mai alƙaluma goma ta faɗi a hannun lissafin da bai wuce layi huɗu ba.

Amma yaya aka yi Oila ya san 641 zai nufa? Ba sa'a ba ce. In an jera gagara-rabo daga 2, ita ce ta 116, bai kuwa bi su duka ba. Ya bayyana daga baya cewa duk gagara-rabo da za ta raba wannan lamba dole ta zama 64 sau wani abu da ƙarin 1. Da wannan sai dubban nan suka zube, aka bar 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641 da na gaba da su. A cikinsu ma 65, 129, 321, 385 da 513 ba gagara-rabo ba ne, sai a tsallake su. Saura 193, 257, 449, 577, sa'an nan 641. A gwaji na biyar ƙofa ta buɗe. Abin mamaki shi ne, ƙa'idar da Oila ya dogara a kanta Ferma ne da kansa ya fara gano ta. Makullin yana aljihunsa, bai dai sa shi a wannan ƙofa ba.

Bari mu ɗan ratse a nan, gama akwai abin da yake damunmu. Samari da yawa a garuruwanmu suna zuba kuɗin makaranta da na abinci a cacar ƙwallo da ta lambobi. In ka tambaye su, sai su nuna maka littafi cike da alƙaluma, su ce abu kaza ya fito sau huɗu a jere, saboda haka na biyar tabbas ne. Akwai ma masu sayar musu da irin wannan tabbas. Jerin Ferma ya fi nasu ƙarfi nesa ba kusa ba, gama shi ƙa'ida ce ta haife shi, nasu kuwa faɗuwar ƙwallo ce kawai. Duk da haka ya yi daidai sau biyar, ya karye a na shida. Bayan haka ma bai ƙara yin daidai ba ko sau ɗaya a duk inda aka iya dubawa. Lamba ta bakwai a jerin tana da alƙaluma 20, a 1880 kuwa wani tsoho Bafaranshe mai suna Landri, wanda ya haura shekara tamanin, ya nuna cewa 274,177 tana raba ta. Da zuwan kwamfuta aka bi jerin har lamba ta 33, aka tarar daga ta shida zuwa can babu gagara-rabo ko ɗaya. Ta 34 ta fi ƙarfin na'urorin da ake da su, ba wanda ya san halinta. Iyaye, in ɗanku ya zo muku da littafin tabbas, ku zaunar da shi ku yi lissafin 641 tare.

Mu koma ga lambarmu. Da yake 641 gagara-rabo ce, 6,700,417 ita ma haka, masu raba lambar nan huɗu ne kacal a duk duniyar lambobi: 1, da 641, da 6,700,417, da ita kanta. Ku gwada ta da 60, 'yar ƙaramar lamba mai masu raba ta goma sha biyu. Girma dabam, yawan dangi dabam.

Mutanen dā suna da wata hanyar kasa lambobi gida uku. Wanda ya rubuta ta dalla-dalla wani ne Nikomakus, wajen shekara 100 bayan haihuwar Almasihu, mutumin Garasa, birnin da ake kira Jarash yau a ƙasar Urdun. Masu karatun Bisharar Markus sun san sunan ƙasar Garasinawa. Ga yadda hanyar take: a tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da lambar, kamila ce. Misali 6, gama 1 da 2 da 3 sun zama 6. Haka kuma 28, da 496, da 8,128. In jimlar ta ɗara lambar, mai yalwa ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka tashi 16. In ta gaza, mai kasawa ce. Nikomakus ya kwatanta mai yalwa da dabba mai gaɓoɓi fiye da kima, mai kasawa kuma da mai ido ɗaya. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya ɗauki maganar da nauyi har ya rubuta cikin littafinsa Birnin Allah cewa kamalar 6 ce ta sa aka yi halitta cikin kwana shida. Kamilan nan ba su da yawa. Zuwa shekarar 2024 guda 52 aka sani, dukansu cika, ba a taɓa samun mara a cikinsu ba.

Tamu fa? 1 da 641 da 6,700,417 sun zama 6,701,059. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari shida na lambar ba. Mai kasawa ce, kasawa kuwa mai tsanani.

Ba kuma wata lamba da za a yi sau kanta a sami tamu, gama irin wannan sakamako ba ya ƙarewa da 7. Ku gwada daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 ku ga ƙarshensu. Amma ana samunta in an tara irin waɗannan guda biyu: 65,536 sau kanta, da 1 sau kanta. A nan akwai wani sawu da ɓarawo ya bari. Gagara-rabo ba ta yarda a rubuta ta haka ta hanya biyu. 13 ita ce 9 da 4, shi ke nan, ba wata hanya. Amma 65 ita ce 64 da 1, ita ce kuma 49 da 16, dalili kuwa 65 ita ce 5 sau 13. To, lambarmu tana da hanya ta biyu: 62,264 sau kanta ya ba da 3,876,805,696, sa'an nan 20,449 sau kanta ya ba da 418,161,601. Ku tara ku gani. Wanda ya ga wannan ya san lambar tana rabuwa ko da bai taɓa jin labarin 641 ba.

Maƙwabtanta biyu na baya su ma abin kallo ne, gama gida ɗaya suke amma hali ya sha bamban. Ta kusa, 4,294,967,296, ba komai a cikinta sai 2, an yi ta sau kanta har 32. Masu raba ta 33 ne, in kuwa aka tara su ban da ita kanta, sai a sami 4,294,967,295. Da 1 tak ta kasa zama kamila. Wannan lamba ce iyakar adireshin da tsohon tsarin intanet yake iya bai wa na'urori. Waɗanda suka tsara shi sun ga kamar ba za a taɓa cinye su ba, amma a watan Fabrairu na 2011 hukumar da ke rabon adireshin a duniya ta ba da rukunin ƙarshe da ke hannunta.

Ta bayanta kuma, 4,294,967,295, ita ce abin da ake samu in an yi 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537, watau 'ya'yan Ferma biyar ɗin nan na gaskiya a haɗe. Suna da wani aiki da Ferma bai yi mafarkinsa ba. Duk wanda ya taɓa kafa ɗakin da'ira da igiya da turke ya san tsawon igiyar yana zaga da'irar sau shida daidai. Girkawa sun iya raba da'ira kashi 3, da 5, da 15 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, amma 7 da 9 da 11 suka gagare su. A 1796 wani yaro Bajamushe mai suna Gaus, bai cika shekara 19 ba, ya nuna ana iya raba ta kashi 17. Daga nan aka gane cewa a cikin gagara-rabo da suke mara, na jerin Ferma ne kaɗai suke yarda da wannan rabo. Wani malami mai suna Hermes ya ba da wajen shekara goma yana tsara yadda za a yi na kashi 65,537, ya gama a 1894, takardunsa suna ajiye cikin akwati a jami'ar Gotingen. Mu dai ba mu ce kowa ya bi sawunsa ba.

Wataƙila wani uba zai ce, Malam, duk wannan me zai ƙara mini a tukunya? Ga amsa. Kun ga yadda 641 sau 6,700,417 ya ɗauke ku minti kaɗan, amma komawa baya, daga lambar zuwa iyayenta biyu, ya jira shekara 92. Haɗawa sauƙi, warwarewa wuya. A 1977 masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mai da wannan wuya ta zama kwaɗo. Ana ɗaukar gagara-rabo biyu manya ƙwarai, a yi ɗaya sau ɗaya, a ba duniya sakamakon, a ɓoye iyayen. Kowa yana iya kulle saƙo da sakamakon, amma sai wanda ya san iyayen zai buɗe. Bankuna da shafunan intanet da yawa sun yi shekaru suna tsare asirin mutane da wannan dabara. Lambobin da aka saba amfani da su suna da alƙaluma 617, mafi girma kuwa irinsu da aka fasa a bainar jama'a a shekarar 2020 tana da alƙaluma 250, bayan kwamfutoci masu yawa sun yi ta aiki a kanta. Har wa yau 65,537, ta biyar a jerin Ferma, ita ce aka fi sa wa cikin wannan kwaɗo a matsayin abokiyar aiki. Lambarmu ƙanwar waɗancan manyan ce, gininsu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya ba ƙari.

Shi ya sa ba mu yarda da masu cewa doguwar rabawa ta zama tsohon yayi tun da kowa yana da waya ba. Ƙaramar kalkuleta ta kanti mai gurbi takwas ba za ta iya nuna wannan lamba ba ma. Ta waya za ta nuna, za ta kuma raba ta da 641 in an ce ta yi, amma ba za ta gaya wa yaro 641 zai gwada ba, balle ta gaya masa dalili. Yaron da bai taɓa riƙe ragowa a hannunsa ba, dabarar 154 ɗin nan ba za ta shiga kansa ba.

Ga aikin gida na wannan wata. 'Yan aji huɗu da biyar su nemo duk masu raba 28 da na 496, su tara, su gani ko da gaske kamilai ne. 'Yan aji shida su ɗauki 221, su nemo hanya biyu ta rubuta ta a matsayin jimlar lambobi biyu da aka yi kowace sau kanta, sa'an nan su faɗi su wa suke raba ta. 'Yan sakandare masu ƙarfin hali kuma su yi 274,177 sau 67,280,421,310,721 da fensir, su gani ko za su sami 18,446,744,073,709,551,617 kamar tsoho Landri. Iyaye mata, a ba su babbar takarda, gama ta littafin aiki ba za ta ishe su ba. Amsoshi suna zuwa a fitowa ta gaba, in Ubangiji ya kai mu.